Kwanona a Tagar Mai Naɗi

Shekarar da aka rage wa ma'aikatan gwamnati albashi, ni ban taɓa aikin gwamnati ba, amma ragin sai da ya biyo ni har ɗakina ya zauna. Sana'ata surfani ce. Ina zaune a ɗaki a unguwar Birik cikin Yawunde, bakin taga, ana kawo mini manyan riguna ina yi musu aiki a wuya da aljihu. Masu kawowar yawancinsu ma'aikatan nan ne, mutanen Garwa da Marwa da ke ofisoshin Yawunde, waɗanda ba sa yarda Juma'a biyu ta gan su da riga ɗaya. Da lakiriz ta kama, wato matsin kuɗin nan, sai Juma'a ta yi ta ganinsu da riga ɗaya har ta gaji ta daina kallo.

Muka zauna da uwar yara muka yi shawara. Ba faɗa muka yi ba, in faɗi wannan tun da wuri. Iyayenta suna Gaundare, suna da masara a rumbu da 'yan awaki, muka ga gara ta kwashi yaran ta tafi can kafin abubuwa su lafa. Na raka su tashar jirgin ƙasa, na dawo a ƙafa. Da na buɗe ƙofa sai na ji ɗakin ya yi mini girma, ɗakin da kullum muke cewa ya yi mana kaɗan.

Ni mutum ne mai son zaman gida da son hira. Ga kasuwar Mokolo nan kusa da mu, amma sai in daɗe ban leƙa ta ba. Da can ina ɗinki ina surutu, ita tana tsince shinkafa tana cewa "uhm" a inda ya kamata. Bayan tafiyarta na kama kaina ina yi wa allura bayani.

A layinmu akwai ciyayya. Bayan sallar magariba ake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar ƙofar gidan Alhaji, wani tsohon dillalin shanu da ya ƙare ƙuruciyarsa a kasuwar Etudi, kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa a ajiye a tsakiya a ci tare. Tuwon masara, tuwon shinkafa, miyar kuka, miyar yakuwa irin ta mutanen Arewa. In ana ruwa, wanda a Yawunde kusan kullum ne, sai a matsa ciki, kafaɗa na gogar kafaɗa, kwanon rufi na ta ƙara a kanmu har sai mutum ya ɗaga murya. Nan ne nake jin duniya. Wa ya zo daga Najeriya, wa aka kora daga aiki, me aka ce a rediyo da Faransanci wanda ban gane ba. In aka cire mini tabarmar nan, babu inda nake zama da mutane.

Daren farko da na fito ba kwano, Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai dai ka zo da hannunka, mai surfani. Hannu ma kaya ne."

Na zo da hannun. Amma loma ba ta wucewa. A shekarun nan kwanukan kowa sun rame. Nama ya fita daga miya, busasshen kifi ya shigo, daga baya kifin ma ya fita ya bar ƙamshinsa. Na san abin da ke cikin kowane kwano daga bakin yaran gidan aka rage shi. In na miƙa hannu sai in ga kamar rabon ɗan wani nake ɗauka. Na gwada yin tuwo da kaina, ya fito da gudaji kamar tsakuwa, ban iya fitar da shi gaban mutane ba. Sai na daina fita. In na dawo daga masallaci in shige ɗaki in jiƙa burodi a shayi, ina jin dariyarsu ta bango.

A wannan lokacin ne wani Bakatsine ya buɗe taga a gangaren layin masu soya. Taga ce kawai aka yanke a jikin katako, ba benci, ba tabarma, ba inda za ka sa gindi. Saya za ka yi ka tafi. Bai daɗe da zuwa daga Najeriya ba, an ce ya yi aiki wurin wani ɗan Labanan a Duwala, a can ya koyo abin. Gurasa ce siririya mai faɗi kamar faifai, ya ɗora ta a kan ƙarfe mai zafi, ya zuba dafaffen wake, ya zuba yankakken nama, albasa, tumatir, ya barbaɗa yaji, ya naɗe ta tamau kamar mai naɗe tabarma, ya ƙunsa a takardar siminti. Mutane suka rasa sunan da za su ba abin, suka ce naɗi. Shi kuma ya zama mai naɗi.

Dogo ne mai gemu, ba ya kallon fuska, hannunka yake kallo. Maganarsa uku ce: "Da yaji? Da albasa? Guda nawa?" In wanda ba Bahaushe ba ne sai ya ce "Piman?" wato yaji, shi ke nan iyakar Faransancinsa. Mu a nan muna cewa kiliyan, shi kwastoma yake cewa.

Ranar da na fara zuwa, na yi sallama na soma gaisuwa yadda aka koya mini.

"Barka da yamma, malam. Ina gajiya? Ya aiki? Ya baƙunta? Ya muka ji da ruwan nan?"

"Lafiya. Da yaji?"

"Ya mutanen gida, ana jin labarinsu?"

"Yallaɓai, da yaji ko babu? Akwai mutane a bayanka."

Na waiwaya, da gaske akwai. Wata mata mai jakar ofis tana buga ƙafa tana tsaki. Na karɓi naɗina na tafi, raina a ɓace. Na ce a zuciyata wannan ba a haife shi cikin mutane ba.

Amma fa abin ya yi daɗi, in faɗi gaskiya. Waken ya nuna luguf bai faffashe ba, naman tsoka ne zalla, gefensa ya ɗan ƙone yadda nake so, gurasar ta sha man ta yi laushi. Aibinsa ɗaya, abincin mutum ɗaya ne. Hannu ɗaya ke riƙe shi, baki ɗaya ke cinsa, ba ta inda wani zai sa hannu ya taya ka. Na cinye shi a bakin gado kafin ya huce, na zauna ina kallon takardar.

Washegari dabara ta zo mini. Na sayo naɗi 'yan kaɗan, na ɗauko kwanon uwar yara, na samira mai furanni, wanda take zuba mini tuwon ciyayya. Na warware su ɗaya bayan ɗaya, na juye waken da naman a tsakiya, na yayyaga gurasar na jera a gefe, na rufe. Bayan magariba na fito da shi a hannu biyu na ajiye a tsakiyar tabarma kamar kowa.

A cikinmu akwai wani direban tasi, Bafulatanin Marwa, bakinsa ba ya hutawa. Shi ya buɗe murfin. Ya leƙa, ya shinshina, ya dube ni.

"Jama'a, mai surfani ya yi amarya bai gayyace mu ba!"

"Wace amarya kuma?" in ji Alhaji.

"Mai gemun nan ta gangare, Alhaji. Doguwa. Ba ta gaisuwa, amma wallahi ta iya wake."

Aka yi ta dariya har Alhaji ya ƙware. Na ce, "Kai da taka mai gaisuwar, ina naman da ke miyarka? Tun bara muke nemansa." Ya ce naman ya tafi Faransa karatu. Hannuwa suka shiga kwanona. Daren nan na yi barci kamar wanda aka sauke wa kaya.

Daga nan ya zama kullum. Na kuma gano cewa in na je tagar da la'asar babu layi. Mai naɗi yana yanka albasa, wuta ba ta gama kamawa ba, ba wanda ke tsaki a bayana. Sai in jingina da katakon in yi gaisuwata cikakkiya har ƙarshenta. Da farko "lafiya" kawai yake cewa. Sannu a hankali ya fara ƙara kalma. Ya daina ce mini yallaɓai, ya koma "mai surfani". Na ba shi labarin Gaundare, da yadda ƙaramar 'yata take kiran jirgin ƙasa "gidan da ke gudu". Wata rana, yana share hawayen albasa da bayan hannu, ya ce shi ma ya bar iyali a wani ƙauye bayan Katsina, an haifa masa ɗa bai gan shi ba, an dai ce kunnuwansa irin nasa ne.

Na ce, "Allah ya ba yaron haƙuri."

Ya yi dariya. Ranar na fara ganin haƙoransa.

Tun azahar nake fara duba inuwa, ina jiran la'asar. In na sayo, in juye a kwano, in rufe, in ɗora a kan keken ɗinki har magariba.

Ina lura naɗin yana sauyawa. Tumatir ya fara ɓacewa. Nama ya ragu, wake ya ƙaru, naman ma ya koma jijiya da kitse, wani lokaci ka tauna ka tauna ka rasa yadda za ka yi da shi. Gurasar wata rana ta bushe a gefe tana karyewa. Na gani, ban ce komai ba. Kowa ya san abin da shanu suka koma a Etudi, kuma mutum ba ya kushe wa abokin hirarsa abinci.

Ranar da abin ya faru rana ce mai zafi irin wadda ke zuwa kafin ruwa, kuma tun jiya aka ɗauke wuta a unguwa. Na sayo da la'asar kamar kullum, har mun daɗe muna hira a kan ko tuwon dawa ya fi na masara riƙe ciki. Na juye, na rufe, na ajiye a ƙarƙashin kwanon rufin da ke tafasa. Bayan magariba na kai tabarma.

Da aka ɗaga murfin na ji warin, ɗan tsami-tsami, kamar kunun da ya kwana. Na ce wa kaina hancina ne. Alhaji ya yi bismilla ya ɗebi loma. Ya tauna ya daɗe yana taunawa, ya haɗiye, ya ce alhamdu lillahi, ya mayar da hannunsa kwanon miyar kuka. Na kusa da shi ya ɗan taɓa, shi ma ya janye. Direban tasi ya kai loma baki, na ga maƙogwaronsa ya yi aiki. Na jira ya yi ba'a. Da ya yi ba'a da na ji sauƙi. Sai ya juya ya soma ba da labarin wani ɗan sanda da ya tare shi a Tsinga.

A ciyayya ba a kushe kwano, domin bayan kowane kwano akwai matar wani. In abinci bai yi ba, a ɗanɗana a bar shi, shi ke nan, mai shi ya ɗauki kayansa ya koma ya san yadda zai yi da gidansa. Haka suka yi mini. Sun yi mini kara irin wadda ake yi wa mai gida, ni kuma na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na jawo kwanon gabana na yi ta ci ni kaɗai don ya ragu. Bai ragu ba. Na ɗauke shi da nauyinsa na koma ɗaki, cikina kuma ya rama abin da na yi masa har gari ya waye.

Da la'asar na ɗauki kwanon yadda yake na gangara. Ban yi doguwar gaisuwa ba, karon farko. Na ajiye shi a bakin tagar na buɗe.

"Malam, shinshina."

Ya ajiye wuƙa. Ya sunkuya, ya ɗago da sauri.

"Wannan mene ne?"

"Naɗinka ne na jiya. Shi na kai wa dattawan layinmu."

"Naɗina? Ni na naɗe shi na ba ka. Wa ya ce ka warware shi?"

"To ta yaya mutum takwas za su ci abu a naɗe?"

"Mutum takwas!" Ya dube ni, yau fuskata yake kallo. "Mai surfani, abin nan da zafinsa ake cinsa, a hanya ma ake cinye shi. Kai ka warware, ka haɗa wake da mai da ɗanyar albasa, ka rufe da murfi, ka ajiye har yaushe?"

"Har magariba."

"Tun la'asar? A zafin jiya? Ko tuwon sarki ne ai sai ya yi tsami."

"Kullum haka nake yi bai taɓa tsami ba. Kada ka ɗora mini. Waken nan tun daga hannunka yake da magana."

Ya ɗauki tsumma ya goge katakon da ba abin da ya zuba a kai. Can ya ce, ba da ƙarfi ba, "Na la'asar ragowar jiya ne. Shi nake fara ƙararwa. Sabon wake sai gab da magariba yake nuna. In akwai wuta yana kwana a firij lafiya lau. Shekaranjiya babu wuta."

"Kana sane ka ba ni?"

"Na ɗanɗana da safe, bai juya ba."

"Duk zuwan da nake yi, ragowar jiya nake kai wa Alhaji? Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ka taɓa tambayata? Kai labarin Gaundare kake ba ni. Ni na ɗauka kai kaɗai kake ci, ina ta mamakin cikinka."

Wani mai gyaran takalma da ke gefen tagar ya fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ce, "Ka kunyata ni a gaban manya. Ban san da wace fuska zan koma tabarmar nan ba."

Bai ba ni haƙuri ba, ba ya cikin masu iya wannan. Ya jawo kwanon ciki, ya juye abin a bokitin shara, ya ɗauraye, ya kife shi a kan kanta can sama inda mai ba ya kaiwa.

"Bar shi a nan. In ka fito daga magariba ka biyo ka ɗauka. Daga sabuwar tukunya zan zuba, ba sai an naɗe ba. Albasar daban zan ƙunsa, kai ka zuba a can. Kullum da safe ka aje mini kwanon, ko ban buɗe ba ka tura ta ƙarƙashin ƙyaure."

"La'asar fa?"

"La'asar ba ni da abin da zan ba ka, yallaɓai."

Yallaɓai. Na ji kalmar, na yi kamar ban ji ba.

Na yi 'yan kwanaki ban je tabarma ba, ban kuma je ɗaukar kwanon ba. Na koma burodi da shayi da dariyar bayan bango. Ba wanda ya zo ya tambaye ni dalili, wannan ma kara ce. Daga ƙarshe shirun ɗakin ya fi kunyar nauyi. Na fito daga masallaci na gangara.

Tagar a cike take, lokacin cunkoso ne. 'Yan tasi, 'yan kasuwar Mokolo da suka tashi, ma'aikata masu komawa unguwar Site Bert, kowa na miƙa hannu ta kan kafaɗar wani. Mai naɗi ya hango ni daga nesa. Ya sauko da kwanon, ya zuba, ya rufe, ya ɗora ƙunshin albasa a kai, ya miƙo mini ta saman kawunan mutane. Ko "da yaji" bai tambaye ni ba, ya riga ya sani. Na buɗe baki zan ce ina gajiya, har ya juya ga na gaba.

Na kai kwanon tabarma, zafinsa na cin tafin hannuna. Na ajiye, na buɗe, tururi ya tashi. Ba wanda ya motsa. Alhaji ya gyara zama, ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya sa hannu. Ya tauna. Ya sake ɗiba. Sai direban tasi ya ce, "A'a, amarya ta dawo daga yaji!" Aka yi dariya, hannuwa suka shiga, nawa ma ya shiga na wasu ba tare da nauyi ba. Waken sabo ne, har da tsoka a ciki, wadda na daɗe ban gani ba.

Muna cikin wanke hannu Alhaji ya ce, "Mai surfani, gobe ka ce masa ya rage gishiri."

"Ya kuma ƙara yaji," in ji direban. "Ka ce masa mutanen Marwa ne ke ci, ba jarirai ba."

Wani ya ce gurasar a ƙara gasa ta. Wani ya ce a'a, haka ta fi. Suka yi ta ja a kai, da murya sama, kowa da ra'ayinsa. Tun da nake zama a tabarmar nan ban taɓa jin an yi wa kwano haka ba. Na gane sun sake da ni, sun kuma sauke kwanona daga sahun kwanukan gida. Na kasuwa ne, ana iya faɗa masa gaskiya. Na ce to, zan faɗa masa.

Washegari da la'asar ƙafata ta ɗauke ni da kanta har rabin gangaren. Na hango shi yana yanka albasa, kansa a ƙasa. Ba abin da zan saya, kwanona na can sama a kife. Na tsaya kamar mai duba wani abu a aljihu, na juya na koma ɗaki na ci gaba da wuyan wata riga da mai ita bai zo karɓa ba.

Bayan magariba na kutsa cikin cunkoson. Ya miƙo kwanon. Na riƙe shi da hannu biyu, na ɗaga murya don ta fi ta mutane.

"Malam, Alhaji ya ce a rage gishiri!"

Ya gyaɗa kai bai ɗago ba.

"Direba kuma ya ce a ƙara yaji. Ya labarin yaro, an aiko?"

"An gode, yallaɓai. Na baya, guda nawa?"

Wani ya ture ni da kafaɗa ya shige gabana. Na matsa gefe, na gyara riƙon kwanon da bakin rigata saboda zafi, na hau gangaren a hankali don kada man ya zube.